SHUKAR KABEWA A MAKARE: LISSAFIN KWANAKI KAFIN RUWA YA ƊAUKE

Ya ku manoma, da ku dagatai da masu unguwanni na ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Tsanyawa da Minjibir, ga magana a kan kabewa. Kowa ya san ta, gama ba gidan da ba a miyar taushe, amma ba kowa ya san kwanakinta ba. Kowace shekara akwai waɗanda sukan shuka ta bayan sun huta da noman gero da dawa. Ta tsiro kore shar, ta yi yaɗo har ta rufe kunyoyi, ta yi fure, mai ita yana ta murna. Sai ruwa ya ɗauke tun 'ya'yan ba su wuce dunƙulen hannu ba, su yi yaushi, su kakkaɓe. An yi hasarar iri da taki da wahala, don kawai ba a yi lissafi ba.

Abin da wannan takarda ke nufin koya muku guda ɗaya ne. Mai shuka kabewa a makare ya fara duba ranar da laima za ta ƙare a gonarsa, sa'an nan ya yi ta ƙidaya baya-baya har ya iske ranar shuka. In ranar nan ta riga ta wuce, ya adana irinsa sai baɗi, ko kuwa ya nemi inda zai iya ban ruwa.

MAFARIN WANNAN LISSAFI

Asalin kabewa daga ƙasashen Amurka ne. Mutanen Meziko sun noma ta shekaru dubbai kafin jiragen Turawa su isa can, daga baya ne ta ƙetaro teku ta bazu a ƙasashenmu har ta zama 'yar gida. A Amurka ta Arewa da Turai, babban abokin gābanta shi ne sanyin da ke daskarar da raɓa a kan ganye. Dare ɗaya ya isa ya kashe gona ɗungum. Saboda haka manoman can sukan riƙe ranar da sanyin nan ya saba fara sauka a garinsu, su ƙidaya kwana ɗari ko fiye baya, su ce ga ranar ƙarshe ta shuka.

Mu a ƙasar Kano raɓa ba ta daskarewa, ko da jaura ta yi tsanani. Amma muna da namu wa'adi, har guda uku. Na fari ɗaukewar ruwan sama. Na biyu iskar hunturu, wadda takan fara busowa cikin Nuwamba, ta tsotse sauran laimar ƙasa, ta ƙeƙasa ganye. Na uku sakin dabbobi bayan girbi. Dabarar mutanen can ita ce tamu, sai dai ranar da ake ƙidayawa daga gare ta ce ta bambanta.

KWANAKIN KABEWA

Ku riƙe waɗannan kwanaki, gama su ne rabin lissafin.

Irin kabewa yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 7 in ƙasa tana da ɗumi da laima. Wajen kwana 35 zuwa 45 takan fara fure. Amma ku lura, furen farko duk maza ne, ba sa haihuwa. Mata sai bayan mako ɗaya ko biyu suke fitowa, kuma ana gane su da ɗan ƙullutu a gindin furen, kamar ƙwallon goruba ƙarami. Wannan ƙullutu shi zai zama kabewa, in zuma ta kawo masa ƙurar nan rawaya daga furen namiji. Daga ranar da ɗa ya kama zuwa ranar da zai nuna sarai, kwana 45 ne zuwa 60.

In kun tara, za ku ga ƙanana masu sauri suna bukatar wajen kwana 90, matsakaita wajen kwana 100, manyan nan masu kauri kuwa har kwana 120. Ba a cikin dukan kwanakin nan take son ruwa daidai wa daida ba. Lokacin da ta fi ƙishi shi ne daga fitowar fure har ɗa ya cika girmansa, watau daga wajen kwana 45 zuwa kwana 80. Makonni biyu ko uku na ƙarshe kuwa, nuna kawai take yi, ɓawo yana tauri, ciki yana ja. A nan ragowar laimar ƙasa ta ishe ta, har ma ta fi son rana. Kabewar da ta nuna bayan ruwa ya ɗauke ta fi wadda ta nuna cikin marka jure ajiya. Wannan shi ne ribar shukar baya, in an yi ta a kan kari.

KWANAKIN DAMINA

Ga ɗaya rabin lissafin. Tun 1905 ake auna ruwan sama a birnin Kano ana rubutawa. In an bi shekarun nan masu yawa an raba, ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 800 da 900. Fiye da rabinsa cikin Yuli da Agusta yake sauka. Satumba yakan fara ja da baya, na Oktoba kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, wata shekara ma ba a samun ko ɗigo. Kuma kun sani, kome kuka yi arewa daga birni, wajen Ɗambatta da Kunci zuwa iyakar Kazaure, damina tana ƙara gajarta. Ta makara zuwa, ta yi saurin tafiya.

Dattawanku suna tune da farin 1973 da na 1984, kakanninsu kuma sun ba su labarin yunwar 1913 da 1914. Tun wajen 1990 ruwa ya ɗan komo, har wasu shekaru ana fama da ambaliya. Amma kada yawan ruwan Agusta ya ruɗe ku, ku zaci damina ta ƙara tsawo. Mai hankali ya ɗauka ruwa mai amfani zai ƙare da ƙarewar Satumba. In an sami ƙari cikin Oktoba, gyara ce, ba a sa ta cikin ciniki.

Bayan ruwan ƙarshe, ƙasa takan riƙe laima gwargwadon irinta. Jigawa mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a gonakinku, ba ta wuce mako biyu sai ta bushe har inda saiwa take. Ƙasa mai laka, ko wadda ta sha taki shekara da shekaru, takan kai mako uku ko huɗu. Fadama kuwa takan daɗe fiye da haka.

GA LISSAFIN

To, a jigawa, lalle kabewa ta cika girmanta kafin 30 ga Satumba, ta nuna wajen 18 ga Oktoba. Daga 18 ga Oktoba sai ku ƙidaya baya.

Mai kwana 120: ranar ƙarshe ta shuka 20 ga Yuni.
Mai kwana 100: ranar ƙarshe 10 ga Yuli.
Mai kwana 90: ranar ƙarshe 20 ga Yuli.

Bari mu bi mutum biyu, ku ga bambanci. Na farko ya shuka mai kwana 100 ran 10 ga Yuli. Furen maza ya fito bayan tsakiyar Agusta, 'ya'ya suka kama a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, suka sami wata guda cur suna shan ruwa. Ran 30 ga Satumba kabewarsa tana da kwana 82, ta gama girma, sai nuna. Na biyu ya jinkirta har 1 ga Agusta, yana cewa ai ruwa yanzu ya zauna. 'Ya'yansa ba su kama ba sai bayan tsakiyar Satumba. Ran 30 ga Satumba tana da kwana 60 kacal, tana tsakiyar ƙishinta, ga sauran kwana 40 a gabanta, sai 9 ga Nuwamba za ta nuna. Wa zai shayar da ita? Tsakanin mutanen nan biyu mako uku ne kawai, amma ɗaya ya cika ɗaki, ɗaya ya tashi da ganye.

Wanda gonarsa take a kwari mai riƙe laima, ko mai shuka a bayan gida gefen juji inda ruwan wanke-wanke ke bi, yana iya ƙara mako biyu a kan ranakun nan. Wanda ke kusa da fadama, ko yake da rijiya a lambu, ko gonarsa take ƙarƙashin madatsun ruwa irin na Tomas da Gari da Watari, yana iya kaiwa tsakiyar Agusta, muddin ya yi niyyar ban ruwa sau biyu a mako daga farkon Oktoba. Amma shi ma ya sani, sanyin daren Disamba da Janairu yakan rage mata saurin girma.

DA WANE WATA ZA A YI LISSAFI?

Ku yi hattara da wannan. Watannin Musulunci suna bin tsayuwar wata ne, shekararsu ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Watan da ya zo tsakiyar damina bana, bayan shekara takwas ko tara sai ya koma bazara. Saboda haka ba a ɗaure ranar shuka da su. Damina rana take bi. Ku yi lissafi da su Yuni da Yuli, ko kuwa da taurarin nan 28 da malamanku suka sani, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowane da kwanakinsa 13, in banda ɗaya mai 14. Jimlarsu kwana 365, don haka ba sa gocewa daga damina.

Har wa yau, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda ake kira NiMet, takan fitar da hasashe a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da take tsammani ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowace ƙaramar hukuma. Ku tambayi malamin gona na KNARDA da ke yankinku, ko ku saurara a rediyo. In an ce bana ruwa zai ɗauke da wuri, ku ja ranakun nan baya da kwana goma. In an ce zai daɗe, kada ku ƙara kome.

YADDA ZA A RAGE MATA HANYA

Wanda ya makara ba shi da kwanan da zai yar. Ga abubuwan da za su taimake shi.

1. Iri. Ku zaɓi na ƙaramar kabewa mai saurin nuna, ƙwaya mai cika, wadda ba ta lotsewa in an matsa ta da yatsa. Mako guda kafin shuka, ku naɗe ƙwaya 10 a cikin tsumma mai laima. In 8 sun tsaga, irin yana da kyau. In ba su kai 5 ba, ku nemi wani, gama mai shukar baya ba shi da damar maimaitawa. Ku jiƙa irin da daddare, ku shuka da safe, yakan riga busasshe fitowa da kwana ɗaya ko biyu.

2. Wuri. Kabewa ba ta son inuwa. Kada ku sa ta tsakiyar dawa, ko ƙarƙashin ɗorawa da tsamiya. Ku sa ta gefen gona, ko tsakanin geron da za a girbe da wuri, ko inda shukar fari ta yi gibi.

3. Rami da taki. Ku haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, tsakanin rami da rami taku uku, watau wajen mita 2. Ku zuba ƙwarya ɗaya ko biyu ta takin gida ruɓaɓɓe, ku gauraya da ƙasa, ku tayar da shi ya zama ɗan tudu, don kada ruwan marka ya kwanta a gindin. Gonakinku ba sa hutawa, kowace shekara nomansu ake yi, tun zamanin da ake kai takin birni ƙauye a mangala bisa jakuna. Taki shi ke riƙe da su, shi ne kuma ke riƙe laima bayan ruwa ya ɗauke. Ɗanyen kashin dabba kuwa yakan ƙona saiwa, ku guje shi.

4. Shuka. Ƙwaya 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Bayan mako biyu ku cire rarrauna, ku bar biyu.

5. Takin zamani. In za ku sa, ku sa kaɗan tun tana da mako biyu ko uku. In an cika mata yuriya bayan ta fara fure, sai ta yi ta ganye, 'ya'ya su makara.

6. Yaɗo. In ta miƙe, ku riƙa tura ƙasa kan gaɓoɓinta nan da can. Kowace gaɓa takan yi sabuwar saiwa, ta sami bakin shan ruwa da yawa.

7. Rage 'ya'ya. In gindi ya kama biyu ko uku, ku tsinke kan yaɗon, ku bar ganye huɗu ko biyar gaba da ɗan ƙarshe. Duk furen da ya fito bayan tsakiyar Satumba ku cire shi, ba zai kai ba, sai dai ya ci rabon 'yan'uwansa.

8. Rufe ƙasa. Kafin ruwan ƙarshe, tun ƙasa na jiƙe, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganyen gero kewaye da gindi. Rufin da aka yi bayan ƙasa ta bushe ba shi da amfani.

ZUMA DA ƘWARI

Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ba ya sāke buɗewa kuma. In zuma ba ta zo cikin sa'o'in nan ba, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. Cikin marka, ran da aka wayi gari ana ruwa, zuma ba ta fita sosai. To, sai ku yi aikinta da hannu. Ku tsinko furen namiji da sassafe, ku yaye ganyen furen, ku goga tsinken nan mai ƙura a tsakiyar furen mace. Don haka kuma kada a yi feshin magani da safe. In ya zama tilas, a bari sai yamma lis, a kuma bi abin da malamin gona ya faɗa.

Shukar baya takan tarar ƙwari sun riga sun yi yawa. Manoman gyaɗa sun ga haka a 1975, shekarar da ƙwarin darɓa suka yaɗa cutar kuturun gyaɗa a ƙasar Hausa, aka yi hasara mai yawa. Irin waɗannan ƙananan ƙwari suna maƙalewa ƙarƙashin ganyen kabewa, su sa shi ya murɗe. Ku riƙa ɗaga ganye kuna dubawa. Akwai kuma wani ƙuda da ke huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai, tsutsa ta ci ciki, ɗan ya ruɓe. Duk wanda kuka ga an huda, ku tsinke ku binne shi da zurfi, kada ku yar a gefen gona. In ɗa ya kama, kuna iya lulluɓe shi da tsumma ko takarda har ɓawonsa ya yi tauri. Ku kuma ɗora kowane a kan sakaina ko tsingaro, don kada laima da gara su taɓa cikinsa. Rigakafi ya fi magani.

MAGANA GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Wa'adi na uku a hannunku yake. A ƙasa irin taku, inda gona ke manne da gona, awaki da tumaki a turke suke kwana duk damina. In an kawar da amfani sai a sake su, shanun makiyaya kuma su shigo cin kara da harawa, su bar taki. Wannan tsohuwar al'ada ce mai amfani ga kowa. Amma kabewar da ta makara ita ce kaɗai kore a fili ran da aka saki dabbobi, kuma akuya ba ta san lissafi ba. Daga nan ake samun ƙara da ɓacin rai tsakanin maƙwabta, wani lokaci har da abin da ya fi haka.

Saboda haka ku yi shela sau biyu. Ta farko cikin Yuni, a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, ku faɗa wa jama'a ranakun ƙarshe na shuka kamar yadda aka rubuta a sama. Ta biyu da kaka, ku sanar da ranar sakin dabbobi tun da sauran mako biyu, don mai sauran amfani a gona ya kwashe ko ya kewaye da darni. Wanda ya shuka bayan wa'adi, a gaya masa tun da wuri, shinge a wuyansa yake. Kada kuma a bar kowa ya shuka a kan burtali.

GIRBI DA AJIYA

Ana gane nunanniyar kabewa da alama uku. Farce ba ya shiga ɓawonta. Mariƙinta, watau guntun reshen da ya haɗa ta da yaɗo, ya bushe ya yi tauri kamar itace. In an ƙwanƙwasa ta kuma sai ta amsa kamar ƙwarya. Ku yanke ta da wuƙa, ku bar mata mariƙi tsawon yatsa guda. Kada ku ɗauke ta ta wurinsa, gama in ya ɓalle, ta nan ruɓa ke shiga. Kada a jefa ta, kada a gangara da ita.

Ku jera su wuri mai iska da inuwa kaɗan har kwana 10, ɓawo ya ƙara ƙarfi, ƙananan ƙujewa su warke. Sa'an nan a kai su ɗaki mai sanyi, a ɗora bisa kara ko katako, kada su taɓa ƙasa, kada kuma su taɓa juna. Kowane mako a duba, a fitar da wadda ta fara laushi. Lafiyayya takan yi wata biyu ko uku, wata ma ta fi. Wadda ta sami rauni, ko wadda ba ta gama nuna ba, a fara ci da ita, ko mata su yanyanka ta sirara su shanya, iskar hunturu ta busar da ita don miyar rani.

Mai ajiya ba ya sayarwa ran da kowa ke sayarwa. Yana iya jira har kaya su yi sauƙi a kasuwar Ɗambatta ta ran Lahadi, ko a 'Yan Kaba cikin birni, sa'an nan ya fitar. Amma kada kwaɗayin kuɗi ya sa a hana iyali. Jan cikin nan na kabewa yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke tsare yara da masu ciki daga dundumi, ga shi kuwa da rani ɗanyen ganye yakan yi wuya. Daga ƙarshe ku ware wadda ta riga sauran nuna, ku wanke irinta, ku shanya a inuwa, ku adana cikin gora ko kwalba mai murfi. In kun yi haka kowace shekara, irinku zai riƙa sabawa da gajeriyar daminarku.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku rubuta ranakun nan uku a bangon zaure: 20 ga Yuni, 10 ga Yuli, 20 ga Yuli. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.